Kwalekwale Biyu a Gidan Tarihi

Asabar, da yamma

Mun gama. Kafinta ya buga ƙusar ƙarshe, ya ja baya, ya goge hannu a wando, ya ce, "Malama, in za a sa shi a ruwa, ni dai ba ni shiga." Na ce ba don ruwa aka yi shi ba.

Bari in rubuta yadda yake tun yana sabo a idona. Kwalekwale ne, ya cinye rabin babban zauren gidan tarihi, kuma duk jikinsa firam-firam ne na hotunan shugabannin ƙasa da suka shuɗe. Irin hotunan nan da ake ratayewa a bayan tebur a kowane ofis, ranar da mulki ya sauya a sauke su a jibge a sito. Na daɗe ina bin sito-sito na ma'aikatu ina kwaso su. Yaya ne ya buɗe min ƙofofin, da yake a fadar shugaban ƙasa yake aiki, shi ya yi ta buga waya nan da can. Wani hoton, ɓera ya ci kunnensa, wani ruwa ya wanke masa lambobin kafaɗa, wani kuma an kashe sauro a goshinsa, jinin yana nan. Ban goge ba.

A gefensa, cikin gilashi, ga ainihin kwalekwalen Uban Ƙasa. Wanda kowane yaro ya haddace labarinsa: ya tsallake kogi da mutum arba'in, tuta a ƙirjinsa, gari ya waye muna da ƙasa. Shi ne a bayan takardar kuɗi, shi ne a bangon littafin firamare. Ni ma na rera waƙarsa har muryata ta dishe. Amma gani ya kori ji. Abin da kaɗan ya fi gadona tsawo. Mutum biyu, in sun matsu. Ban rubuta komai a kai ba, ban nuna da yatsa ba. Na ajiye babba kusa da ƙarami kawai, mai ido ya gani.

A goshin nawa kwalekwalen na kafa firam guda wanda babu hoto a ciki. Daraktan gidan ya daɗe tsaye a gabansa, hannu a baya, yadda ya saba. Ya ce, "Malama, wannan fa na wane ne?" Na ce, "Na gobe ne, ranka ya daɗe. Kowane jirgi yana da wurin wanda bai shiga ba tukuna." Ya yi dariya ya ce, "To Allah ya kai mu goben."

Aikin ya yi kyau. Ba sai an faɗa min ba.

Litinin, da yamma

An buɗe. Zaure ya cika har ana taka juna. Darakta ya yi jawabi gajere, abin da nake so game da shi ke nan, ba ya cika baki. Ya ce shekarunsa a gidan nan bai taɓa ganin mutane sun tsaya gaban ƙaramin kwalekwalen sun kalle shi da gaske ba sai yau.

Yaya ya turo Umma a kekenta na marasa lafiya har gaban gilashin. Umma da hoton Uban Ƙasa ke rataye a ɗakinta tun kafin a haife ni, na yi zaton za ta yi min faɗa. Ta sa tabarau, ta leƙa, ta sake leƙawa. Ta ce, "Auta, wannan ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Mutum arba'in?" Can ta gyara zama ta ce, "Ai mutanen da sirara ne." Duk wanda ke kusa sai da ya dara, har Yaya.

Ana cikin raba lemo wayar Yaya ta yi ƙara. Ya fita yana magana, bai dawo ba. Maigida ne ya mai da Umma gida.

Laraba, da hantsi

Layi har bakin titi. 'Yan makaranta, ma'aikata, har masu tallan bakin ƙofa sun shigo kallo. Abin da ya ɗan dame ni, kowa firam ɗin goshi yake ɗauka a waya. Na kwashe watanni ina jera ɗaruruwan fuskoki yadda idanunsu za su bi mutum, su kuwa wurin da babu fuska suke so.

A motar haya na ji ana cewa an kwana biyu ba a ga Shugaba ba. Wani ya ce hutu ya tafi, wani ya ce ba hutu ba ne, direba ya ce don Allah a bar maganar a motarsa. Ina ruwana. Tun bara na yanka katakon firam ɗin nan.

Alhamis, da yamma

Yaya bai ɗauki wayata ba. Aiki ne ya yi masa yawa.

Juma'a, da rana

Wani mutum ya zo. Bai faɗi ofis ɗinsa ba, ba wanda ya tambaye shi. Farin takalmi ne a ƙafarsa, tas, kamar bai taɓa taka ƙasa ba. Ya zagaya kwalekwalen a hankali, ya gaishe ni da ladabi, har ya tambayi jikin Umma. Ban tuna na faɗa masa ina da uwa ba.

Ya ce, "Malama, aiki ya yi kyau. Sai dai mutane suna fassara wannan gurbin yadda bai dace ba, a irin wannan lokaci. Me zai hana ki sa hoton Mai Girma a ciki?"

Na ce, "Yallaɓai, duba da kyau. Duk wanda ke jikin jirgin nan ya sauka daga mulki. Kana so in sa shi a cikinsu?"

Ya kalli jirgin. Na ga maganar ta shige shi. Ya ce, "To ki cire firam ɗin."

Na ce in na cire, na yarda ke nan da abin da ake cewa yana nufi, alhali ba shi yake nufi ba.

Nan Darakta ya matso. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, a kwance, babu rawa. Ya ce, "A gidan nan ba ma taɓa aikin mai zane sai da yardarsa. Ni na karɓi aikin, ni na ce a kafa shi. In akwai tambaya, ni za a yi wa."

Mai farin takalmi ya ce, "To madalla," ya yi mana sallama.

Na dawo gida ina jin kaina kamar na ci gasa. Ni na ƙure shi, a gaban kowa.

Asabar, da safe

Maigida ya kawo shawara muna karin kumallo: in sa madubi a firam ɗin, kowa ya duba ya ga kansa, shi ke nan an huta. Na ce wannan dabarar ɗaliban shekarar farko ce, in ɗalibina ya kawo min ita sai na mai da shi. Ya ce, "To, gwanar zane, ni dai na san bakin rijiya ba wurin wasa ba ne." Na ce ni ba makauniya ba ce. Ya ƙara min shayi.

Rediyo tun safe tsofaffin waƙoƙin ƙasa yake sawa. An sa ta kwalekwale har sau nawa. Na kashe.

Litinin, da hantsi

An manna takarda a ƙofar gidan tarihi: an rufe don gyare-gyare. Babu tsani, babu bokitin fenti, babu ko buhun siminti. Maigadi ya bar ni na shiga don ya san ni.

Ofishin Darakta a buɗe. Tabaransa yana kan tebur, kofin shayinsa rabi, ya yi sanyi. Sakatariyarsa ta ce ya ɗan fita. Na ce ba tabarau? Mutumin da ba ya gane matarsa a tsallaken titi in babu shi? Ta ci gaba da jera takardun da ta riga ta jera.

Na shiga zaure na zauna a ƙasa. Babu kowa, fitilu a kashe, hasken taga kawai. A haka ma kwalekwalen nawa ya fi kyau. Gilasan hotunan suna ɗaukar haske kamar ruwa ne a ƙarƙashinsa.

Talata, da yamma

Bai dawo ba.

Laraba, da yamma

An kira ni. Na je. Na dawo.

Bencin katako ne, dogo, a wani lungu marar taga. Hoton Shugaba yana sama da kaina, sabo fil, firam ɗin ma mai kyau ne, na lura da haɗin kusurwoyinsa. Ba su da ladabin ba mutum ruwa.

Na amsa abin da aka tambaye ni. Wanda ba a tambaye ni ba ban faɗa ba. Sun so su san wa ya ba ni izinin shiga sito-sito. Na ce ƙofofin a buɗe na same su.

Maigida yana bakin titi a mota lokacin da na fito. Ban san tun yaushe ba. Bai tambaye ni komai ba. Ya kunna mota, ta mutu, ya sake kunnawa.

Alhamis, da rana

Ba zan rubuta maganar jiya ba, babu abin rubutawa.

Na wanke burushina gaba ɗaya, har waɗanda ban taɓa ba tun bara. Na share ɗakin aiki. Na fasa kwalbar man fenti, santsi ne da ita. Na fasa kofi ma.

Aikin ya yi kyau. Wannan ba ya canzawa don an rufe ƙofa.

Asabar, da la'asar

Yaya ya zo. A motar haya ya zo, babu direba, babu katin nan da yake ratayawa a wuya. Ya ƙi shiga falo, muka tsaya a ɗakin aikina. Ya rame. Ya ɗauki wani guntun gawayi yana juyawa a hannu har yatsunsa suka yi baƙi.

Ya ce, "Auta, na ji abin da kika faɗa musu game da ƙofofi. Na gode. Amma sun riga sun sani."

Na ce, "Yaya, ka san ban yi nufin kowa da firam ɗin nan ba. Kai ka gan shi tun yana katako."

Ya ce, "Na sani. Su ma ina jin sun sani. Ba ma'ana suke nema ba, mutum suke nema. Gidan can yanzu kowa tsoron inuwarsa yake yi, kowa yana so a ga ya yi wani abu."

Na ce, "Me ke faruwa a can?"

Ya ce, "Ki cire firam ɗin."

Na ce, "Darakta fa? Yana ina?"

Ya ce, "Ki cire firam ɗin, Auta."

Na yi masa dogon bayani. Na ce in yau na cire firam don an tsorata, gobe za a ce in juya ƙaramin kwalekwalen ya fuskanci bango. Na ce Darakta da bakinsa ya ce kada a taɓa, in na taɓa na zubar masa da tsayuwar da ya yi ke nan. Na yi magana sosai, kuma gaskiya na faɗa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ajiye gawayin a inda ya ɗauka, ya ce kada in gaya wa Umma yadda ya zo.

Har yanzu ina ganin gaskiya na faɗa.

Lahadi, da rana

Mun ci abinci a wurin Umma. Ta tambayi Yaya, na ce aiki. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Ke da shi tun kuna yara in kun yi ɓarna tare fuskarku iri ɗaya take yi." Na ce Umma ai mun girma. Ta ce, "A wurin wa?"

Litinin, da hantsi

Matar Darakta ta zo. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar buɗewa, tana dariyar maganar Umma. Na ba ta kujera, na kawo ruwa, ba ta sha ba. Na shirya jin zagi. Wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi.

Ta ce ta zo ne kawai ta ga ko na ji wani abu. Na ce ban ji ba. Ta gyaɗa kai. Ta buɗe jaka ta fito da ƙaramar robar sanyi, irin wadda ake sa allura a ciki. Ta ce yana da ciwon suga, kullum safe da yamma ake yi masa, ita ke yi masa don shi tsoron allura yake ji. Ta ce ofis uku ta je da robar nan. A na farko an ce ba su san shi ba. A na biyu an ce ta dawo. A na uku an karɓa, amma ba ta sani ba ko ta isa gare shi. Wannan ta biyu ce, tana yawo da ita ko za a dace.

Ta ce, "'Yar'uwa, ba na zo in ce ki yi wani abu ba ne. Shi ma da yana nan ba zai bari in ce ba. Yana son aikin nan naki. Ranar da aka kafa shi bai bar ni na yi barci ba da labarinsa."

Ta nemi in ba ta ƙanƙara ta ƙara a robar kafin ta wuce. Na ba ta duk wadda ke firij.

Litinin, da yamma

Tsoron allura. Mutumin da ya tsaya gaban mai farin takalmi muryarsa ba ta yi rawa ba.

Talata, da safe

Na kira Kafinta. Na ce gobe ya zo da kayan aiki da mota babba. Ya ce, "Goshin za mu sauke?" Na ce duka. Ya ce, "Malama, duka?" Na ce jirgin da aka yanke wa goshi ba nawa ba ne, ba kuma zan bar sunana a jikinsa ba. Ko yana nan yadda na yi shi, ko ba ya nan.

Ba wanda ya yi min alkawarin komai. Ina so in rubuta wannan don kada in yaudari kaina daga baya. Ba ciniki na yi ba. Aikina ne, ni na ɗaga shi, ni zan sauke.

Laraba, da yamma

Mun sauke. Saukewa ta fi kafawa sauri, abin haushi. Ni na zare ƙusar farko, ban bar Kafinta ya yi ba. Muka riƙa jingina hotunan a bango, fuska na kallon fuska don kada gilashi ya fashe. Kafinta bai yi barkwanci ko ɗaya ba yau, shi da bakinsa ba ya hutawa.

Mai farin takalmi ya zo wajen azahar, ya tsaya daga ƙofa. Ya ce, "Malama, ai ba mu ce duka ba." Na ce, "Na sani, Yallaɓai. Ni na ce." Ya tsaya kamar yana jiran in roƙe shi wani abu. Na ci gaba da zare ƙusa. Sai da ya juya zai tafi na ce, "Akwai mai ciwon suga a hannunku." Bai waiwayo ba, amma ya tsaya kafin ya wuce. Na tabbata ya ji.

Da muka gama, zauren ya yi faɗi, ƙaramin kwalekwalen shi kaɗai cikin gilashinsa. Ya ma fi ƙanƙanta yanzu.

Ban yi kuka ba. Ƙura ce ta yi yawa a wurin.

Juma'a, da yamma

Shiru.

Lahadi, da yamma

Shiru. Rediyo ya daina waƙoƙin, ya koma labarin ƙwallo da farashin kaya kamar ba a yi komai ba. An ce an nuna Shugaba a talabijin yana zaune yana gaisawa da baƙi. Wasu sun ce tsohon hoto ne. Ban kalla ba.

Maigida ya same ni a ɗakin aiki ina zaune cikin tarin hotuna, babu wurin taka ƙafa. Ya ce, "Kin yi nadama?" Na ce na wanne, kafawa ko saukewa? Ya ce kowanne. Na ce a'a. Ya ce, "Haka na zata," ya ɗaga wani tsohon janar daga kan kujera ya zauna kusa da ni.

Talata, da hantsi

Darakta ya dawo! Matarsa ta kira, ba na ma jin abin da take faɗa don kuka. Da asuba aka sauke shi a bakin layinsu. Daga nan asibiti. An ce zai tashi.

Ko don na sauke ne, ko don wani abin da ya faru a can sama, ko dama sun gama da shi, ban sani ba. Na tambayi Yaya a waya, ya ɗauka a bugun farko, ya ce shi ma bai sani ba, kuma yanzu ba ya inda ake sani. Muryarsa ta fi sauƙi. Ya ce zai zo wurin Umma ranar Lahadi.

Na zauna a ƙasan kicin na daɗe.

Asabar, da hantsi

Darakta ya zo, matarsa na riƙe da hannunsa. Ba Darakta ba ne yanzu, an naɗa wani, amma bakina ba zai iya kiransa da wani abu ba. Rigarsa ta yi masa yawa. Gashin kansa da na sani da sirkin baƙi ya zama fari gaba ɗaya, kuma gefen bakinsa na hagu ya ɗan sauka.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "An ce kin sauke." Na ce na sauke. Ya ce, "Da ina nan da ban bari ba." Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa na yi kafin ka dawo." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, matarsa ta harare mu duka biyu.

Bai faɗi inda ya je ba, ban tambaya ba. Ya zagaya ɗakin a hankali yana duba fuskokin da ke jingine. Ya ce duk an gyara su, an cire musu tamoji, an miƙe musu kafaɗa, babu wanda ya yi kama da mutumin da ya taɓa jin yunwa. Sannan ya ja kujera zuwa bakin taga ya zauna, ya gyara wuyan riga.

Ya ce, "Malama, kina zana masu rai?"

Na ce na daɗe ban yi ba.

Ya ce, "Jikokina za su tambayi yadda na dawo, ni kuma ba zan iya faɗa ba. Ki zana ni yau, kafin matar nan ta ciyar da ni in koma yadda nake. Kada ki gyara komai."

Na ɗauko takarda mafi girma da nake da ita, na kafa, na zaɓi gawayi. Na ce ya juyo da fuskarsa wajen haske. Ya juyo. Na fara daga bakin.